Taso, Amarya

Yatsu biyu na nas ɗin suka nutse a kafaɗar tsohuwar, a gurbin da ya kamata a ce ƙashi ya cike. Kan ƙashin ya zame ƙasa, wajen ya kumbura ya yi zafi. Tsohuwar ba ta yi ƙara ba. Ta dai runtse ido, ta damƙe bakin gado da hannunta na dama, mai lafiyar.

"Sannu, Mama. Faɗuwa kika yi?"

"Wa zai bari ta faɗi?" in ji mijinta daga bakin labule. Tsohon direban babbar mota ne, dogo, ya rungume jakarta da takalmanta kamar za a ƙwace masa. "Tun da ɓarin jikin nan ya shanye, 'yata, ba mai ɗaga ta sai ni. Yaranmu suka ce a ɗauko mai aiki, na ce a kai kasuwa."

"Yaya kake ɗaga ta, Baba?"

Ya ajiye jakar, fuskarsa ta washe. "Ranar da aka sallame mu daga nan, wata 'yar'uwarki ta ce a riƙa motsa hannun kada ya sandare. Ni kuwa ba na wasa da maganar asibiti. Sai in kama na hagun nan, in ce, 'Taso, amarya!' in ja ta ta miƙe. Ga tashi, ga motsa hannu."

"Amarya da furfura," tsohuwar ta ce, maganar na fita a karkace.

Shi kaɗai ya yi dariya. Nas ɗin ta tura shi ya karɓo hoton ƙashin. Yana fita, tsohuwar ta cafke wuyan hannunta.

"Kar ki faɗa masa."

"Kin sani ke nan, Mama?"

"A jikina yake." Ta huta, ta haɗiye yawu. "Ƙuruciyarmu duk a kan hanya ya yi ta. Na haifi yara yana wani gari, na binne ɗaya yana wani gari. Ban san tafin hannunsa na da kanta ba sai da na kwanta. In ya ja, nakan ciji leɓe, ya wuce."

"Ba ya wucewa, Mama. Ga shi nan."

Nas ɗin ta sami babbar nas a teburinta tana juya shayi. Ita kuwa ƙaramar, ranta ya riga ya ɓaci. Hannun da ya shanye ba shi da ƙarfin tsokar da zai riƙe kansa, kowace nas ta san haka tun tana aji. Nuna wa mai jinya yadda ake ɗaga mutum bai kai shan wannan shayin daɗewa ba. Amma a sashen nan, da ledar magani da "Allah ya ƙara sauƙi" ake sallamar mutane.

"Anti, mu muka ce masa ya motsa hannun, ba mu nuna masa ba. Mu muka sa kafaɗar nan ta goce!"

"Wannan aikin masu gashin ƙashi ne."

"Su kuma suka ce namu ne. Shi ke nan, kowa ya wanke hannunsa."

"Ke dai da zafin kai. Ki ɗaure, ki ba da magani, mutane na jira. Tun kafin a haife ki haka ake yi."

"Shi ya sa tun kafin a haife ni kafaɗu ke gocewa."

Babbar nas ta kurɓi shayinta.

Likita ya zo ya mayar da ƙashin, ya ce jijiyoyin sun riga sun saki, ja ɗaya zai sake fitar da shi, ya wuce. Nas ɗin ta naɗe ƙanƙara a tawul ta ɗora a kan kumburin. Ta lanƙwasa gwiwar hannun a hankali, ta rataye shi da ƙyalle, ta sa ƙullin a gefen wuya don kada ya danne ƙashin baya. Ta matsa farcen yatsun, ta ga jini ya dawo. Duk wannan mai sauƙi ne. Tsohuwar na bin ta da ido.

Yin shiru na nufin gobe da safe za a sake cewa "taso". Ta yanke shawarar ta koya masa ba tare da ta faɗa ba.

"Baba, zo ka ga wata sabuwar dabara. Ka tsaya ta ɓangaren hagun, ka zagaya hannunka ta ƙugunta, gwiwarka ta tare tata. Hannun nan kuwa, ko yatsa kada a ja. In za ta kwanta, a sa matashi a ƙarƙashinsa."

Ya kalla da kyau, yana gyaɗa kai. Sai gyaɗawar ta tsaya. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana sauraron inji ba ya bukatar a faɗa masa inda ƙarfe ya ci.

"Ko yatsa," ya maimaita. "To, tsohuwar dabarar fa?"

"Malam, faɗuwa na yi," tsohuwar ta yi sauri. "Kana masallaci."

Bai dube ta ba. Nas ɗin yake kallo. "'Yata, ni ne?"

"Ba a nuna maka ba, Baba. Laifinmu ne."

"Ni ne ke nan."

Ya buɗe tafukan hannunsa ya ƙura musu ido, kamar kayan wani da aka ba shi ajiya. "Har waƙa nake mata," ya ce a hankali. "Tana hawaye, ina cewa na daɗi ne."

Aka kawo keken marasa lafiya. Nas ɗin ta ja da baya don ta ba shi wuri. "Bismillah, Baba, gwada. Ina nan kusa."

Tsohuwar ta miƙa masa hannun dama, ta ƙaƙalo murmushi da rabin bakinta. "Direba, fasinja na jira."

Ya yi taku ɗaya, ya tsaya. Sannan ya mayar da hannayensa baya, ya haɗe su.

"'Yata, ke kin iya. Ɗaga ta. Zan kira yaran su nemo mai aikin."

Nas ɗin ta zagaya hannunta ta ƙugun tsohuwar, ta tare gwiwarta, ta ɗaga ta daidai yadda aka koya mata. Kafaɗar ba ta motsa ba ko kaɗan. Tsohon ya kama mariƙin keken ya fara turawa, yana kauce wa kowane ɗan tudu na siminti.

Har suka sha kwana, hannun daman tsohuwar yana buɗe a kan cinyarta, tafin yana kallon sama.