Bidiyon Tsutsar Masara

Tsutsa ta shiga masarar Malam Abdulfattah a Kuyello, malamin gona kuma yana Kaduna. Malamin gonar ya ce a turo masa bidiyo ya ga irin tsutsar kafin ya faɗi magani.

Abdulfattah ya ari wayar ƙaninsa, mai fitar da hoto tangaran, ya ɗauki minti bakwai. Shida na gaisuwa ne, har da tambayar iyali da gajiyar damina, ɗaya na ganyen masara. Bidiyon ya ƙi tafiya, sai ya kai wa Obed mai gyaran waya.

"Baba, megabait ɗari takwas ne," in ji Obed. "Sabis ɗinmu da ƙyar yake jan ashirin. Ko in yanke gaisuwar, ganyen ya fito sosai, ko in matse duka, kowane sakan ya samu ɗan abin da ya samu."

"In tura wa mutum tsutsa ba sallama? A gidanku haka ake yi?"

"To a bar minti ɗaya na gaisuwar."

"Matse duka."

Obed ya rage ƙarfin hoton har ƙasa, bidiyon ya tafi.

Washegari malamin ya aiko da saƙon murya. Ya amsa gaisuwar ɗaya bayan ɗaya, ya ce iyali lafiya lau. Abin da ya gani a ƙarshe dai kore ne, kuma yana kyautata zaton gona ce.

Abdulfattah ya tsinko ganye uku da tsutsarsu, ya ƙulle a leda, ya hau babur zuwa tashar motar Kaduna.