Gyare a Kwamfutar Baba

Auta tana shanya a baranda sai ta ji Baba yana ƙwala mata kira daga falo.

"Auta! Zo ki ji, mutumin naki ya haukace!"

Baba tsohon direban jirgin ƙasa ne, idonsa ya yi rauni. Shi ya sa ta saka masa tsarin Linux a tsohuwar kwamfutarta, da wata manhaja mai karanta rubutu da murya. Manhajar ce mutumin da yake nufi. Yau da safe kwamfutar ta sabunta kanta.

Auta ta shigo da jiƙaƙƙen hannu. Baba ya danna maɓalli, muryar ta ce tsirrrrit, kamar gyare, ta yi shiru.

"Shi ke nan fa," in ji Baba. "Labaran duniya kaf ya karanta min kafin in kai kofi baki."

Auta ta zube a kujera tana dariya har da hawaye. Baba ya sake dannawa, don kawai ya ji ta ƙara ƙyaƙyatawa.

Aikinta na ainihi gwajin jini ne a asibiti. Amma a lokacin hutunta tana cikin masu sa kai da ke kula da rumbun tsarin, wato ma'ajiyar intanet inda kowa ke sauko da manhajojinsa a ƙunshi-ƙunshi. Kwanan nan aka ba ta izinin tura gyara rumbun da kanta, kuma ba ta taɓa amfani da shi ba.

Ta buɗe tata kwamfutar a kan teburin cin abinci. Ƙorafi ya riga ya taru a shafin rumbun. Wata makauniya ta rubuta cewa ta kasa karanta saƙonnin wurin aikinta, dole ta roƙi maƙwabci ya rubuto mata wannan. Nan dariyar Auta ta ɗan tsaya, ta gyara zama.

Ba ta daɗe ba ta gano matsalar. Lambar da ke nufin kalmomi nawa a minti, sabon ƙunshin manhajar ya ɗauke ta a matsayin kalmomi a daƙiƙa. Layi ɗaya ne rak. Ta gyara, ta gwada a nata wurin, murya ta fito tiryan-tiryan.

"To tura mana," in ji Baba.

"Ba nawa ba ne, Baba. Ƙunshin yana da mai shi, sai da yardarsa."

Mai shi wani ne da kowa ke kira Gemu, ba ta taɓa ganinsa ba. Ta aika masa saƙo, ta hau zagaye teburin. Can wayarta ta yi ƙara. Hoto ne: wani ƙaton mutum ido ja wur, jariri a dama, jariri a hagu. A ƙasa ya rubuta: "Tagwaye, jiya. Da hanci nake miki rubutu. Na duba gyaran, daidai ne. Tura!"

Auta ta yi tsalle har gwiwarta ta bugi teburin. Ta shirya komai, ta sa hannu da makullinta na sirri, sai ta tsaya cak, ta kasa danna maɓallin.

"Wai allurar mutane kike yi kullum, maɓalli ne zai ba ki tsoro?" Baba ya lalubo hannunta, ya ɗora nasa a kai. "Jirgi zai tashi. Fuuuu!"

Suka danna tare.

Injinan rumbun suka shiga gina ƙunshin, kowane ya gama sai ya nuna kore. Auta tana sanarwa, Baba yana amsawa da sunan tasha, duk na ƙarya, shi yake ƙirƙiro su. Da na ƙarshe ya yi kore ta ja shi suka taka rawa a tsakar falo, har maƙwabcin bene na ƙasa ya buga silin da tsintsiya.

Da rana makauniyar nan ta rubuto godiya, wannan karon da kanta. Bayanta saƙon Gemu ya shigo: ya saka Auta a matsayin abokiyar riƙon ƙunshin, ga kuma tulin tsofaffin ƙorafe-ƙorafe, kyauta.

Ta karanta wa Baba tana haki.

"Madalla," ya ce, ya miƙe ƙafa. "Tunda yanzu ina da uwa a wurin, fara da nawa ƙorafin. Mutumin naki ya koyi faɗin sunana daidai."