'Yar Gidan Wa Ce?

Tun ranar da Zinnira ta ɓata a Mararaba, ubanta Uwaisu mai walda ya rantse ya gama da zaman Abuja. Yarinya ko shekara biyar ba ta cika ba, ta bi mai sayar da balambalam tun da hantsi, aka yi ta nema har la'asar sakaliya, uwarta Bushira ta yi kuka har murya ta dishe. To, ina aka same ta? A shagon wata mata a bayan layinsu, inda shi Uwaisun ke wucewa safe da yamma! Matar ba muguwa ba ce, ta zaunar da ita, har biskit ta ba ta. Ta yi tambayar duniya yarinya ta ƙi magana, sai dai ta karkata kai ta kama kunnenta na hagu tana murzawa, halin da aka yi faɗa aka gaji ba ta bari ba. Ita kuwa matar ba ta san 'yar wa ce ba. Shekara bakwai suna unguwa ɗaya.

Abin da ya tsaya wa Uwaisu a rai ke nan. Ya ce, "Inda yaro zai ɓata a bayan gidansu ai ba gari ba ne, tasha ce. Gida za mu koma."

Bushira ta ce, "Na yarda, Malam. Amma wane gidan?"

Nan fa ake yin ta. Shi ɗan Gwarzo, ita 'yar Kabo, kuma tun suna ango da amarya ba su taɓa raga wa juna ba a kan wannan. Ya ce Kabo gari ne da in ka yi atishawa a mota ka wuce shi. Ta ce ai gara su, su ba su cika baki. In aka bi ta lissafi, shi ke da rinjaye: makarantu sun fi yawa a wajensu, ga asibiti, ga masu gini da za su nemi ƙofa da taga. Bushira ma ba ta musa ba.

Amma shi ba wannan ke jan sa ba. Gwarzon ƙuruciyarsa yake gani. In ka jefi mangwaron wani a wancan gefen gari, kafin ka iso gida labari ya riga ka, tsumagiya na jiran ka a zaure. Tsohon da ba ka taɓa gani ba zai dubi goshinka ya ce, "Kai, ɗan gidan Malam Hadi, wuce gida!" A lokacin su yara haushi suke ji, su ce garin nan ba a ɓuya. Yanzu kuwa da za a sayar masa da wannan tsumagiyar, wallahi da ya saya. Shi da ya tashi ba uwa, garin ne ya raine shi. Mahaifiyarsa Asiya ta rasu yana shekara biyu. Abin da ya sani game da ita bai wuce cewa daga ƙauyen Gammo aka auro ta ba, gidan masu shanu. Ko hotonta babu, kuma bayan rasuwarta zumunci ya yi sanyi har ya mutu.

Da suka zo ganin gida bayan girbi, sai ya fito da nasa gwajin. Zai sa Zinnira a gaba ta ratsa kasuwa kamar ita kaɗai, shi yana baya taku goma. Garin da aka tare ta aka ce 'yar gidan wa ce, nan za su zauna.

Bushira ta dafa ƙirji. "Yarinyar da na sha wuya a kanta za ka yi wa wannan wasa?"

"Idona na kanta. Kuma ki shirya kayanki, Gwarzo za ki."

A Gwarzo ya fara da gidansu, wanda aka sayar bayan rasuwar mahaifinsa Malam Hadi aka raba gado. Ya san an sayar, amma sani daban gani daban. Zauren ya zama shaguna uku, an sare tsamiyar ƙofar gida an daɓe wurin da siminti. Wani saurayi mai sayar da kayan waya ya leƙo ya ce, "Oga, me za a kawo?" Oga! A ƙofar ɗakin da aka yanke masa cibiya. Ya haɗiye abin ya ja yarinya suka wuce.

A kasuwa ya sake ta. Tana tafe cikin 'yar rigarta ruwan ɗorawa, tana waiwaye, yana yi mata alama ta ci gaba. Mutane na kaucewa suna ba ta hanya. Wani ya ɗaga murya ya ce a kula da yarinyar nan kar babur ya taka ta, ya ci gaba da awon gyaɗarsa. Ba wanda ya yi laifi, gari ne ya cika ya batse, baƙi sun fi 'yan gida. Tsiraru sun gane Uwaisu, aka gaisa, aka yi ta lissafa waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Sau uku suna ratsa kasuwar nan, ba wanda ya tambayi Zinnira komai. Ya koma da zuciya a dagule, ya ce wa Bushira ranar ce ba ta yi daidai ba.

Kabo kuwa don a fita haƙƙi ya je, yana fatan su ma su faɗi. Ya bar Bushira a gidan iyayenta don kada a ga yarinya tare da ita a ce an gane, ya zaɓi can ƙarshen kasuwa wajen masu nono. Ko taku ashirin ba su yi ba wata tsohuwa mai man shanu ta miƙo hannu ta cafke ta.

"Ke! Zo nan. 'Yar gidan wa ce ke, kike yawo ke kaɗai?"

Zinnira ta karkata kai, ta kama kunnen hagu.

Tsohuwa ta saki ludayin da ke hannunta. Ta daɗe tana kallon ta, sannan ta ce a hankali, "Innalillahi. Asiya."

Uwaisu ya ƙaraso da sauri. Shi jira yake a ambaci dangin Bushira. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa sama-sama, idonta na kan yarinya.

"Taka ce? Wace ce uwarka?"

"Asiya sunanta, Inna. Daga Gammo. Amma ban san ta ba."

"Ni na san ta. Ni ce Altine, tare muka yi kiwon maruƙa, tare muke kawo nono nan wurin daga Gammo. In an yi mata faɗa haka take yi, har kunnen ya yi ja. Mu da muka tashi cikin shanu, ko a garken wani muka ga maraƙi mun san uwarsa." Sai kuma ta harare shi. "Ashe kai ne ɗan da aka riƙe a Gwarzo ba a ƙara kawo mana ba! Ka yi gemu haka, ƙafarka ba ta san hanyar Gammo ba? Kawunanka biyu suna nan da ransu. Ba ka kyauta ba."

Rabon da wani ya yi masa faɗa irin wannan har ya manta. Daɗi ya kama shi, kuka kuma ya taho masa, ƙato da shi a tsakiyar kasuwa. Da ƙyar ya ce, "Inna, yaya kamanninta suke? Ko hotonta ban taɓa gani ba."

"Hoto? Ga ta nan tsaye a gabanka. Shekara nawa tana gidanka kana tambayar hoto?"

Da suka koma gidan surukai, Zinnira na rungume da curin man shanu a ƙullin leda, Bushira ta tare su a tsakar gida baki ɗauke da tsiya, don ta tanadi abin da za ta ce ko ta ci ko ta faɗi. Sai ta ga idanunsa sun yi ja, ta haɗiye.

Ya ce, "Ki gaya wa yayanki ya nema mana fili a nan Kabo. Ta wajen hanyar Gammo."

Ta dubi 'yarta ko za ta ji abin da ya faru. Yarinya ta ga an zuba mata ido, ta karkata kai, hannu ya tafi kunne.

"Ke, saki kunnen nan! Sau nawa za a gaya miki?"

Uwaisu ya ce, "Ƙyale ta, Bushira." Ya zauna a kan turmi yana kallon yarinyar. "Don Allah ƙyale ta in gan ta."