Zuciyar Bayan Bango

Wani dare na kaka, Wendell Rautio ya gama cin kifinsa yana wanke faranti, sai ya ji wani abu yana tsiwit-tsiwit kamar ɗan tsako ya faɗa cikin takalmi. Ya leƙa ƙarƙashin firji, ya leƙa bayan murhu. Ashe agogon gudunsa ne da ya rataye a ƙusar bango, yana ta kuka shi kaɗai. Lambar da ke fuskarsa ɗari da casa'in da huɗu.

Wendell ya san kukan nan sarai. Mako uku ke nan tun da ƙungiyarsu ta masu gudu a garin Duluth na Amurka ta raba musu agoguna, kowanne da bel ɗinsa na ƙirji mai ƙirga bugun zuciya yana aika wa agogon. Tun ranar, duk safiyar da ya fita bakin tafki sai agogon ya ɗauki kuka, lambar ta yi tsalle har kusan ɗari biyu. Sai ya tsaya ya dafa gwiwa, can agogon ya yi shiru. Har ya fara tunanin wa zai bar wa kwalekwalensa in ya mutu.

Amma yau bel ɗin yana rataye a banɗaki, babu ƙirjin kowa a ciki.

Ya tsaya da soso a hannu. Ta cikin bangon yana jin dif, dif, dif: maƙwabcinsa Garth Pelkey yana kan injin gudu. Gida ɗaya ne aka raba biyu, kuma shekara huɗu rabonsu da gaisawa, tun ranar da Garth ya ture dusar ƙanƙarar ƙofarsa ya binne motar Wendell. Duk da haka kullum tare suke gudu, kafaɗa da kafaɗa, don babu mai yarda ɗaya ya wuce shi.

Sai abin ya faɗo masa. Ranar rabon, a benci ɗaya suka zauna, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya yana latsa agogonsa. Agogon Wendell ya kama bel ɗin Garth, na Garth ya kama nasa. Shi ya sa in ya tsaya, Garth ya yi nisa, kukan yake ɗaukewa.

Ya zauna a kujera ya yi dariya har da hawaye. Lafiyarsa ƙalau! Sai kuma dariyar ta tsinke, don lambar ta faɗo sittin, ta sake harbawa sama. Tseren tafki kuwa ranar Asabar ne, mil goma sha uku.

"Ina ruwana," in ji shi ga bangon. Ya cusa agogon cikin tukunya ya rufe.

Da safe ya tarar da Garth a bakin matakala yana ɗaure takalmi.

"A'a, gawa ta tashi," in ji Garth. "Yau a wace bishiya za ka jingina? In kira maka motar asibiti tun yanzu?"

"Ka kira wa kanka, tsohon banza."

"Ni? Duba nan." Ya miƙo hannu. "Sittin da biyu. Ko a tudu ba ta wuce ɗari da talatin. Zuciyar doki ke nan, maƙwabci."

"Tawa ce."

"Me?"

"Zuciyar da kake taƙama da ita. Tawa ce. Taka tana nan a hannuna, mako uku tana hana ni sakat."

Garth ya kwashe da dariya. "Kai, tsoro bai yi ba! Ka ga Asabar ta matso, shi ne ka kwana kana ƙulla wannan? In ba za ka iya ba, ka zauna gida ka gasa wa mutane burodi."

"Da na so, da na yi shiru na tsallake ka in ka faɗi a mil na tara."

"To ka yi shirun mana! Wa ya tambaye ka?"

Wendell ya matso kusa da shi. Ya ɗage rigarsa cikin sanyin nan, ya ɓalle bel ɗinsa, ya jefa wa Garth a cinya. Garth ya dubi nasa agogon. Lambar ta ɗan tsaya, sannan ta ɓace, sai layi biyu. Wendell ya kara nasa a gaban hancin Garth: ɗari da goma, ɗari da arba'in, mutum yana zaune ko taku ɗaya bai yi ba.

"Ka lalata shi ne," in ji Garth, amma a hankali.

"Ka je ka gaya wa likita haka. Motata tana nan, wadda ka binne."

"Ba zan shiga motarka ba."

"To ka tafi da gudu."

Agogon Wendell ya ɗauki kuka. Garth ya dafa ƙirjinsa ta saman riga, ya daɗe a haka, sannan ya sunkuya ya fara kwance igiyar takalmin da ya ɗaure yanzu. Wendell ya kau da kai yana kallon tafki, yana lalubar makullin mota a aljihu.

Tsohuwa Lorna Tveit ta tsallaken titi ta fito da kofin kofi da karenta. Ta tsaya ta karkata kunne.

"Wai ku biyun nan," ta ce, "na wane ne yake kuka haka?"