Kamfanin da Aka Buga a Gindin Mangwaro

Labaran jikan fataken goro ne na Djougou, amma shi gini ya koya, a hannun wani Bafaranshe da ya yi wa aiki shekara goma sha ɗaya a Parakou. Da Dahome ta samu 'yancin kai, Bafaranshen ya tattara ya koma gida, ya bar masa cokalin gini biyu da baro mai kuka. Kowa ya shaida hannun Labaran. In ya zuba kankare, guduma ma sai ta sha wuya.

Ana nan sai aka yi shela za a ba ɗan ƙasa kwangilar wata ƙaramar gada a hanyar Onklou. Labaran ya sa rigarsa ta Juma'a, ya nufi ofishin da ke rabon aikin. Jami'in, wani mai kwat da tabarau, ya bayyana masa cewa yanzu da takarda ake fara gini: tsarin kamfani da Faransanci, kwafi uku, a faɗi kayan aiki da ma'aikata da abin da kamfanin zai zama nan da shekara biyar. Labaran ya ce in da rai da lafiya, magini zai zama. Jami'in ya ce wannan ba ya shiga dosiye, wato takardun neman aikin.

Aka kwatanta masa Malam Tambaya, mai buga wa mutane wasiƙa da mashin a gindin mangwaro a unguwar Ganou ta Parakou. Tambaya ya ji batun, ya gyara zama, ya tambayi abin dako. Labaran ya ce jakai biyu, ɗaya ma gurgu ne. Ma'aikata fa? Shi da surukinsa Lado, in ba damina ba.

Tambaya ya yi ta ƙwanƙwasa mashin har la'asar, sannan ya fassara masa. Jakan sun zama "sashen sufuri". Lado ya zama "daraktan fasaha". Rijiyar gidansu ta Djougou ta zama "tashar ruwa ta kamfani".

"Malam, wannan ai ba ni ba ne," in ji Labaran.

"Maigida, kai ba ka shiga ofis. Wannan ne zai shiga."

Da Labaran ya kai takardar, sai ya tarar gwamnati ta canza tun shekaranjiya, an sauke hoton shugaba daga bango, sunan gwamnati da ke kan takardar kuma ya tsufa. Aka sake bugawa. Bayan wata huɗu aka sake sauke hoto, aka sake bugawa. Kowane bugu kamfanin sai ya ƙara ƙiba, har ya yi reshe a Cotonou. A karo na uku Labaran ya gaji da hawa mota, ya bar wa Tambaya ya miƙa, ya koma Djougou yana yi wa mutane daɓen tsakar gida.

Rannan matarsa Hannatu ta leƙo ta ce ya yi baƙo mai babbar riga. Tambaya ne. Bayan doguwar gaisuwa ya ce an samu aikin, sai dai wajen bugu na ƙarshe sunan ya ɗan goce, nasa ya hau. Yanzu kamfanin na neman magini.

Ran Labaran ya ɓaci ƙwarai, amma ya tuna 'yar uwarsa da ke aure a Onklou, ita da 'ya'yanta za su bi ta kan gadar. Ya ce Lado ya ɗaura wa jakai mangala.

Ranar buɗe gada jami'in ya yaba tsarin kamfanin shafi-shafi, aka roƙi Labaran ya ɗan matsa baya saboda hoto. Damina ta zo da ƙarfi, gadar ko gezau. Kafin kaka aka ba Tambaya ginin makaranta, ya sake hawo mota zuwa Djougou, yana tambayar ko siminti na bukatar ruwa da yawa.