Jitar da Aka Auna da Zare

Wata huɗu ke nan da bulo ya faɗo wa Hamidou a hannun hagu, a wani gini da suke yi a unguwar Gurda. Ƙashin ya warke, amma yatsu biyu na ƙarshe sun rasa ƙarfi. Kafin haka, shi ne mai jitar ƙungiyar Sanoussi, masu wasa a bukukuwan 'yan Nijar mazauna birnin Sabha. Ranar da ya koma gwaji, ya danna wayoyin tsohuwar jitarsa, sai sautin ya fito a shaƙe.

Sanoussi bai wulaƙanta shi ba. Ya dafa shi ya ce, "Muna da biki ranar Alhamis ta sama. Ka zo Laraba da la'asar mu sake ji. In hannun bai yarda ba, dole in sa wani a gurbinka. Ka yi haƙuri."

Hamidou ya dawo gida unguwar Tayuri, ya tura jitar ƙarƙashin gado, ya ce shi da kiɗa sun yi hannun riga.

Ƙanwarsa Rakiatou tela ce, a zauren gidan take ɗinki. Ba mai yawan magana ba ce, amma idonta ba ya barci. Ta lura duk lokacin da take taka keke, yayanta na zaune yana buga gefen tebur da yatsun hannun nan, duka huɗun, suna bin ƙarar keken ba tare da kuskure ba. Ashe yatsun na tafiya, ƙarfin dannawa ne babu.

Da ya fita, ta jawo tsohuwar jitar. Zafin ɗakin kwano ya lanƙwasa wuyanta, wayoyin sun yi nisa da katako har ƙaramin yatsanta na shiga tsakani. Ita da ke da lafiyar hannu ma sai da ta cije leɓe kafin ta danna ɗaya.

Da ya dawo ta ce, "Yaya, ba laifin hannunka ba ne kaɗai. Jitar ma ta gaji."

"Ke da keken ɗinki, me kika sani a jita?"

"Mu je kanti a unguwar Mahdiya ka gwada wata."

"In je kanti a taru ana kallon hannuna? Bar ni da abin da Allah Ya yi."

Ranar Litinin da hantsi Rakiatou ta ɗauki kuɗin da take tarawa don sayen keken ɗinki na lantarki. Ta saka ƙwaryar zare baƙi, da allura, da wani ƙyalle a jaka, ta fita.

Kantin Alhaji Maliki, wani Bakano mai sayar da lasifika da fitilun biki, yana bakin titi. Mutum uku na zaune a ƙofa suna shan shayi. Sai da ta wuce kantin sau biyu kafin ta iya yin sallama.

"Jita nake so," ta ce, muryarta can ƙasa.

"Na'am? Ɗaga murya, 'yar Nijar, nan ba makabarta ba ce."

"Jitar lantarki, Alhaji."

Masu shayi suka juyo. Alhaji Maliki ya yi dariya, ya nuna bango. "Ga mai araha, ta yara ce, ba zan cuce ki ba. Ga waccan kuma, in na faɗi kuɗinta sai kin nemi ruwan sha. Ta tsakiya ita ce daidai ke." Ya ɗauko wata ja daga cikin gilashin da ke fuskantar titi, tana ƙyalli kamar an shafa mata mai. "Duba nan. Amarya ke nan. Duk wanda ya wuce sai ya waiwayo."

Kuɗinta ya yi daidai da abin da ke jakar Rakiatou. Ta karɓa, ta ji katakon da ɗumi.

"Tun yaushe take cikin gilashin, Alhaji?"

"Tun kafin azumi. Ai don kyanta na sa ta gaba."

Ta kwantar da jitar a kan tebur. Ta warware zare, ta ɗora bakinsa a kan ƙarfen farko na ƙananan ƙarafan da ke gicciye a wuyan, ta ja shi ya miƙe har kan na ƙarshe. Sai ta sunkuya ta leƙa ta gefe, kamar yadda take duba layin ɗinki.

Ɗaya daga masu shayi ya ce, "Alhaji, riga za a ɗinka wa jitar taka. Ka ce a sa mata aljihu."

Suka bushe da dariya. Rakiatou ba ta saki zaren ba. A tsakiyar wuyan, tsakanin zare da ƙarfe, akwai fili da tsinken ashana biyu za su wuce.

"Rana ta gasa ta, wuyan ya lanƙwashe," ta ce.

"Wane irin lanƙwasa? Sabuwa ce fil!"

"Zo ka gani, Alhaji. Zare ba ya ƙarya."

Ya zo ya sunkuya, ya daɗe yana kallo. Da ya ɗago, dariyar ta ragu a fuskarsa.

Ta ce, "Babu 'yar'uwarta da ba ta sha rana ba?"

"Akwai ɗaya a ciki, iri ɗaya, kuɗi ɗaya. Amma ta sami ƙarzuwa a mota tun daga Tarabulus, shi ya sa ban fito da ita ba."

Ya shiga ya fito da kwali. Wannan ma ja ce, sai dai wani farin tabo ya ratsa bayanta, tsawon tafin hannu. Katakonta da sanyi. Rakiatou ta sake jan zare. Wannan karon da ƙyar allura ta wuce ta tsakiya. Ta shafa gefen wuyan da ƙyalle daga sama har ƙasa, ko bakin wani ƙarfe zai kama shi ya ja. Babu wanda ya kama.

Daga nan ta yi abin da ya sa masu shayi ajiye kofuna. Ta naɗe manyan yatsunta biyu da ƙyallen, ta ɗaure, ta bar na zobe da ƙaramin. Da su kaɗai ta riƙa danna wayoyin, a hankali, kamar mai taɓa goshin jariri. Wayar na sauka kan ƙarfe tun kafin ta sa ƙarfi.

"Wannan kuma fa?" in ji Alhaji Maliki.

"Hannun yayana ke nan. Bulo ya faɗo masa."

Mai maganar aljihu ya ce, "Ba dai Hamidou na Sanoussi ba? Shi ya yi kiɗan bikin ƙanena!" Ya tashi da kansa ya jawo ampili, akwatin da ke ƙara wa jita murya. "Alhaji, haɗa mata, mu ji."

Aka haɗa. Rakiatou ba ta iya kiɗa ba, amma ta girma tana jin yayanta yana gwaji. Ta murɗa maɓallan jitar ɗaya bayan ɗaya, tana sauraron ko yashi ya shiga ciki ya sa su ƙara. Shiru, sumul. Ta girgiza igiyar ampilin a inda aka soka ta, sauti bai yanke ba. Sannan ta bi kowace waya, gida-gida, wato daga ƙarfe zuwa ƙarfe, har ƙarshen wuya. Kowane gida ya amsa tas, ba zuza, ba shaƙewa.

"Ita nake so."

"Da tabon?"

"Tabo na baya, cikin yayana zai rufe shi."

Alhaji Maliki ya rage mata wani abu saboda tabon, ya ƙara mata da wayoyi sirara masu laushi. Tana fita ya kira ta. "'Yar Nijar! Bar mini zaren nan mana. Kaya na zuwa wata mai kamawa, ba za a sake yi mini sakiyar da ba ruwa ba."

Ta miƙa masa ƙwaryar zaren, ta rufe baki da gyale tana dariya.

Ta koma gida. Ta jingina jitar a kujerar da Hamidou yake zama, ta hau keke ta ci gaba da ɗinki. Ya shigo ya tsaya. Ya kalli jitar, ya kalli inda take ajiye gwangwanin kuɗinta.

"Rakia, keken lantarkin fa?"

"Ƙafata ba ta gaji ba tukuna."

Ya zauna. Ya ɗauki jitar kamar mai ɗaukar garwashi, ya ɗora ƙaramin yatsan nan a kan waya. Ko ba lantarki, sautin ya fito siriri, a sarari. Ya sake dannawa. Ya gwada na zobe. Rakiatou ba ta waiwayo ba, ta dai rage gudun keken don ya sami abin bi. Har aka kira la'asar yana nan bai tashi ba. Washegari ma haka.

Ranar Laraba ya ce ta raka shi. A tsakar gidan Sanoussi aka haɗa kaya, ta raɓe daga bakin ƙofa. Mai ganga ya ɗauka, Hamidou ya bari sai da kiɗan ya zauna, sannan ya shiga. Bai yi gudun da yake yi a da ba. Yatsun na tafiya a natse, amma ko ɗaya bai faɗi ba, sautin na fita garau har maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa daga can.

Sanoussi ya ɗaga hannu aka tsaya. Ya karɓi jitar ya juya ta, ya shafa tabon, ya danna waya ɗaya, ya kaɗa kai.

"Wane gwani ya zaɓo maka wannan?"

Hamidou ya nuna ƙofa da haɓa. "Ga ta can, tela ce."

Rakiatou ta ja gyale ta rufe fuska.

Sanoussi ya mayar masa da jitar. "Gobe ƙarfe huɗu, kada ka makara. Ke kuma, ƙanwata, jitata ta kwana biyu tana ba ni wahala. Yaushe za ki zo da zarenki?"

Daga cikin gyalen ta ce, "Sai bayan biki. Ina da ɗinkin mutane."