Zanen Ƙusa a Jikin Ƙwaƙwalwa

Sau biyu cikin wata uku ƙofar bayan motar Jelani tana mutuwa. Irin ƙofar nan ce da ake danna maɓalli ta ɗaga kanta, abin da ya sa fasinjojin Shinkafi suke rububin motarsa. Sau biyun kuma Mudi mai gyaran wuta ya ce ƙwaƙwalwar ƙofar ce ta ƙone, wato ɗan akwatin da ke ba ta umarni.

Mudi amininsa ne tun suna yara a Kaura, amma zuciya ba ta da kunya. Jelani ya fara raya cewa tsohon akwatin Mudi yake gogewa ya mayar. Da ƙofar ta mutu karo na uku, kafin ya kai gareji sai ya kwance murfin ya yi wa akwatin zane da ƙusa.

Mudi ya ciro akwatin, ya juya shi, ya daɗe yana kallo. Ya sa sabo, ya haɗa wayoyi, ya danna, ƙofa ta sauka lafiya lau.

"Mu tai tasha in ga yadda kaka lodi," in ji shi.

Jelani ya ce a ransa, to ga sabon salo.

A tasha aka danƙara buhunan albasa har suka leƙo waje. Jelani ya danna maɓalli kamar kullum, ƙofa ta sauko ta tokare da buhu tana gurnani. 'Yan lodi suka zarga mata igiya, biyu suka rataya a jiki suna ja, ita kuma tana ƙoƙarin komawa sama.

"Tsaya!" Mudi ya daka tsawa. "Haka kaka yi mata har Shinkafi? Tana ja kuna ja, mi zai hana ta ƙone?"

Kunya ta rufe Jelani. Ya fara kame-kame, wai ai duk direbobin layin haka suke ɗaure ƙofa.

"Nasu ba su da wuta," in ji Mudi.

Mudi ya zaro tsohon akwatin daga aljihu, ya miƙa masa, babban yatsansa daidai kan zanen ƙusar.

"Ga shedarka. Da tambayata kay yi, Jelani, da na hwaɗa maka. In ta sake mutuwa, akwai masu gyara Gusau."

Ya tsai da ɗan acaɓa ya hau, ko waiwaye bai yi ba.